Dutsen Rashid da Yadda Aka Karanta Rubutun Fir'auna

(Wannan shi ne jawabin da baƙo mai jawabi ya gabatar a taron ƙungiya na shekara-shekara. Mun buga shi yadda ya faɗe shi, sai ɗan gyaran da ba a rasa ba.)



Da sakatare ya kawo mini takardar gayyata, ya ce kwamiti na so in yi magana a kan wani abu na tarihi wanda yara 'yan makaranta za su ƙaru da shi, manya kuma ba za su yi gyangyaɗi ba. Na ce masa na farkon mai sauƙi ne, na biyun kuwa sai addu'a, tun da an riga an ci tuwo. To, abin da na zaɓa labarin wani dutse ne. Baƙin dutse ne fasasshe, tsawonsa santimita 112, faɗinsa 76, nauyinsa wajen kilo 760, watau kamar buhun shinkafa 15 in an haɗa. Ba zinariya a jikinsa, ba azurfa. Amma da shi aka buɗe bakin wata al'umma da ta yi shekara 1,400 ba a ji ta bakinta ba.

Duk wanda ya taɓa ganin hoton gine-ginen Masar na dā, ko ya bi ta Alƙahira ya shiga gidan adana kayan tarihi, ya ga wasu zane-zane jere a jikin bango: tsuntsu, maciji, ido, ƙafa, mutum a durƙushe. Wannan rubutu ne. Turawa na kiransa hirogilif, kalma ce ta Girkanci mai nufin sassaƙa mai tsarki, ni kuwa zan riƙa ce masa rubutun zane don sauƙi. Mutanen Masar sun fara shi wajen shekara 3,200 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), suka yi ta amfani da shi fiye da shekara 3,500. Na ƙarshe da aka sani an sassaƙa shi a tsibirin Fila, kusa da Aswan, ran 24 ga Agusta na shekara ta 394 bayan haihuwar Annabi Isa. Daga nan sai shiru.

Yaya aka yi rubutun da ya yi wannan daɗewa ya mutu? Ba dare ɗaya ba ne. A shekara ta 332 kafin haihuwar Annabi Isa, Iskandar na Makidoniya ya ci Masar. Bayan mutuwarsa wani kwamandansa da ake kira Batlimus ya zauna a gadon sarauta, zuriyarsa suka yi kusan shekara 300 suna mulki. Girkawa ne, da Girkanci suke magana, da shi ake aikin ofis. Har marubutan dā sun ce a duk gidan ba wanda ya damu ya koyi harshen talakawansa sai sarauniyarsu ta ƙarshe. Sannan Rumawa suka zo. Da addinin Kirista ya bazu, sai mutanen Masar suka koma rubuta harshensu da baƙaƙen Girkanci, suka ƙara 'yan haruffa shida ko bakwai daga tsohon rubutunsu don sautukan da Girkanci ba shi da su. Kun ga daidai yadda kakanninmu suka ɗauki baƙaƙen Larabci suka yi ajami. Wannan harshe da wannan sabon rubutu shi ake kira Ƙibɗanci, masu shi kuma Ƙibɗawa, sunan da kuka sani daga Mariyatul Ƙibɗiyya. Shi kuwa rubutun zane ya rage a hannun malaman gidajen bauta kaɗai. Da aka rufe gidajen, malaman suka mutu ba almajirai, shi ke nan.

Ina so ku riƙe mini wannan a ka, don za mu dawo kansa: rubutun ya mutu, harshen bai mutu tare da shi ba. Da Larabawa suka ci Masar wajen shekara ta 641, sannu a hankali Larabci ya kori Ƙibɗanci daga kasuwa da cikin gida, amma Ƙibɗawa suka ci gaba da ibada da shi a majami'unsu, har yau ɗin nan. Kuma da malamansu suka ga yara sun daina ji, a ƙarni na 13 da na 14, sai suka zauna suka rubuta nahawunsa da ƙamus-ƙamus na Ƙibɗanci da Larabci, waɗanda suke kira Sullam, watau tsani.

A tsawon wannan shiru mutane ba su daina hasashe ba. Akwai wani littafi da ake dangantawa da wani Horafolo, na wajen ƙarni na 5, wanda ya faɗa hannun Turawa a 1419. Shi ne ya ce in ka ga zanen ungulu to uwa ake nufi, wai don duk ungulaye mata ne. In ka ga zomo to buɗewa ake nufi, wai don zomo ba ya rufe ido. Abin mamaki, ma'anar da ya bayar daidai ce, dalilin ne shirme. Daga nan Turawa suka ƙudurce cewa kowane zane wani asiri ne mai zurfi, hikima ce da aka ɓoye wa jahilai, wadda sai mai basira zai gane ta da tunani. Wani limamin Kirista Bajamushe da ke zaune a Rum a ƙarni na 17, Atanasiyus Kirka, ya cika manyan littattafai da irin wannan fassara. Akwai inda sunan wani sarki ne kawai aka rubuta, shi kuwa ya fitar da doguwar jimla a kan aljanu da albarkar kogin Nilu. Ba wanda ya iya ƙaryata shi, tun da ba wanda ya iya karatun. In ba ka da mai gyara maka allo, duk abin da ka karanta daidai ne. Sai dai kada mu yi masa dariya da yawa, don shi ne ya buga wa Turai ƙamus na Ƙibɗanci daga waɗancan littattafan Sullam, ya kuma ce wannan harshe shi ne na Fir'auna. A nan ya yi gaskiya.

Malaman Larabawa ma sun taɓa. Ibn Wahshiyya, wanda ya rayu wajen ƙarni na 10, ya yi littafi mai suna Shauƙul Mustaham inda ya jera rubuce-rubucen mutanen dā, har da na Masar, aka kuwa fassara shi da Turanci a Landan a 1806. Ya ɗauka cewa wasu alamomin haruffa ne masu sauti, kuma a nan ya fi Kirka kusa da hanya. Amma ya kamata mu faɗi gaskiya, bai kai ga karanta rubutun ba.

To, yanzu ga dutsenmu. A 1798 Napoliyon na Faransa ya kai wa Masar yaƙi. Ban da sojoji, ya tafi da masana fiye da 150, masu lissafi da masu zane da masu harsuna. A watan Yuli na 1799 sojojinsa na gyaran wata tsohuwar ganuwa kusa da garin Rashid, wanda Turawa ke kira Rozeta, inda reshen Nilu na yamma ke faɗawa teku. Ganuwar tun ta zamanin Sultan Ƙaitbai ce, a ƙarni na 15, kuma magina na lokacin sun kwaso duwatsun tsofaffin gine-gine sun yi aiki da su, kamar yadda ake kwasar tubalin kango. Cikin rushe wani bango sai ga dutse mai rubutu. Hafsan da ke kula da aikin, wani mai suna Bushar, ya duba ya ga rubutu iri uku ne a jere, na ƙasan kuma Girkanci ne. Da wani ne da ya ce a mayar da shi cikin gini. Shi kuwa ya sa aka ware shi aka aika Alƙahira.

A sama akwai layi 14 na rubutun zane, sauran sun tafi da ɓangaren da ya fashe. A tsakiya layi 32 na wani rubutu mai gudu wanda mutanen Masar ke yin wasiƙu da takardun ciniki da shi, ana ce masa dimotik, watau na gama-gari. A ƙasa layi 54 na Girkanci. Masana suka karanta Girkancin nan take. Kuma a ƙarshensa an faɗa ɓaro-ɓaro cewa a rubuta wannan doka a kan dutse mai tauri da rubutu mai tsarki, da rubutun ƙasa, da na Girkanci, a kafa a gidajen bauta. Ashe magana ɗaya ce aka yi sau uku.

Wanda ke da takardar naira 500 ko 1,000 a aljihu ya ciro ya duba. Za ka ga an rubuta darajarta da lamba, an rubuta da Turanci, an kuma rubuta da ajami. A ce nan da shekara dubu ba wanda ya san ajami a duniya, sai wani ya tsinci takardar nan, ai ya samu bakin zare. Wannan shi ne Dutsen Rashid.

Me dutsen ke cewa? Ku shirya, don ba asiri a ciki. Sanarwa ce ta taron malaman gidajen bauta da aka yi a birnin Mamfis ran 27 ga Maris na shekara ta 196 kafin haihuwar Annabi Isa, don girmama Batlimus na biyar, yaro ɗan kimanin shekara 13. Sarautarsa na rawa a lokacin, kudancin ƙasar ya yi tawaye, yana bukatar malaman su tsaya masa. Saboda haka aka jera alheransa: ya yafe bashin haraji, ya saki fursunoni, ya ƙara wa gidajen bauta kyauta, ya ɗauke wa malaman wahalar zuwa Iskandariya duk shekara, ya murƙushe 'yan tawayen wani gari bayan ya datse magudanan ruwansu. Su kuma suka yi alkawarin kafa gunkinsa a kowane gidan bauta da yin bikin ranar haihuwarsa. Kun ji, ba-ni-gishiri-in-ba-ka-manda ne tsakanin sarki da malamai. Irin takardar da ake karantawa a taro jama'a na hamma.

Faransawa ba su ci moriyar tsintuwarsu ba. A 1801 Ingilishi suka ci su da yaƙi a Masar, aka sa cikin yarjejeniyar Iskandariya cewa su miƙa kayan tarihin da suka tara. Janar ɗin Faransa ya yi ta gardama wai dutsen kayansa ne na kansa, ba a saurare shi ba. A 1802 aka kai shi gidan tarihi na Birtaniya a Landan, yana nan har yanzu. Sa'ar da aka yi, kafin a ƙwace shi masanan Faransa sun shafa masa tawada sun danna takarda sun fitar da kwafe-kwafe, suka bazu a Turai.

Kowa ya ɗauka aikin mako biyu ne. Ga fassara a hannu, me ya rage? Sai da aka yi shekara 23.

Dalili shi ne wancan tsohon ƙuduri. In ka yi imani cewa kowane zane tunani ne, ba sauti ba, to ko an ba ka fassara ba ka san inda za ka sa ta ba. A 1802 Silbesta da Sasi, babban malamin Larabci na Faransa, da wani ɗan ƙasar Suwidin mai suna Akabilad, sun gano inda sunayen mutane suke a rubutun tsakiya, sannan suka cije. Sai wani likita Baturen Ingila, Tomas Yang, mutum mai kaifin ƙwaƙwalwa wanda ya yi suna a binciken haske da yadda ido ke gani, ya sa hannu a 1814. A rubutun zane akwai wasu alamomi da ake kewayewa da wata doguwar ƙawanya, kamar igiya da aka ɗaure bakinta. Tun kafin Yang an yi zaton sunayen sarakuna ne a ciki. Yang ya ce, tun da Batlimus baƙon suna ne, ba yadda za a yi a zana shi sai da sauti. Ya gwada, ya dace da wasu haruffa, ya kuskure wasu, ya buga sakamakonsa a 1819. Ya kuma gane cewa rubutun tsakiya daga na zane ya samo asali. Aiki ne babba. Amma ya tsaya a bakin ƙofa, don a ganinsa sunayen baƙi kaɗai ake rubutawa da sauti, sauran duk alamomin tunani ne.

Wanda ya shiga ɗakin shi ne Shamfoliyon. An haife shi a wani ƙaramin gari a kudancin Faransa ran 23 ga Disamba, 1790, ɗan mai sayar da littattafai. Yayansa ne ya riƙe shi ya yi masa hidimar karatu, kuma da ba don wannan yaya ba da ba mu ji sunansa ba. Tun yana yaro ya koyi Girkanci da Ibrananci da Larabci, amma wanda ya shiga ransa Ƙibɗanci ne. Yana ɗan shekara 16 ya tsaya gaban manyan masana a garin Giranobul ya ce wannan harshe shi ne na Masar ta dā. Da ya je Faris karatu sai ya nemi wani limamin Ƙibɗawa, Yuhanna Shiftishi, wanda ya biyo Faransawa daga Masar, ya riƙa zuwa wurinsa yana jin yadda ake furta kalmomin. Ya rubuta wa yayansa cewa har magana yake da kansa da Ƙibɗanci don bakinsa ya saba. Rayuwarsa kuwa ba ta daɗi ba ce: talauci, rashin lafiya, ga siyasa, don an kore shi daga aikin koyarwa saboda goyon bayan Napoliyon. Shi ma da fari yana kan ƙudurin kowa.

Abin da ya fara girgiza shi ƙidaya ce. A ƙarshen 1821 ya ƙirga kalmomin Girkancin da suka yi daidai da abin da ya rage na rubutun zane, ya samu 486. Ya ƙirga zanen, ya samu 1,419. Ya ce a'a. In kowane zane kalma ce guda, yaya za a yi kalma 486 ta ci zane 1,419? Lissafin ɗan kasuwa ne wannan, ba na malami ba, kuma shi ya yi aiki.

Sai aka kawo masa kwafin rubutun wani dogon ginshiƙin dutse da wani Bature ya ɗauko daga tsibirin Fila ya kai gidansa a Ingila. A gindinsa akwai Girkanci mai ambaton Batlimus da Kiliyobatira. Ba waccan da ta yi suna ba, wata ce kafin ita. A jikinsa kuma akwai ƙawanya biyu. A nan sai ku ɗan ba ni hankalinku. Da furucin Girkawa sunan farko ana jera shi P-T-O-L-M-Y-S, na biyu K-L-E-O-P-A-T-R-A. Harafin P shi ne na farko a sunan sarki, na biyar a na sarauniya. Ya duba: ɗan murabba'i ne a farkon wannan, ga shi kuwa na biyar a wancan. Harafin L na huɗu ne a nan, na biyu a can. Ya duba: zaki a kwance, a duk wuraren biyu. Harafin O, igiya mai zarge, ita ma ta zauna daidai. Harafin A ya zo sau biyu a sunan sarauniya, ga kuwa tsuntsu iri ɗaya sau biyu. T ce kaɗai ta saɓa: a sunan sarki rabin da'ira ce kamar curin gurasa, a na sarauniya hannu ne. Wani da ya karaya. Shi ya ce sauti ɗaya na iya samun alama biyu. Mu da muka san sin da sadi a allo, wannan ba zai ba mu mamaki ba.

Da haruffan nan ya karanta sunan Iskandar, da sunayen sarakunan Rum. Amma har yanzu duk baƙi ne, maganar Yang ba ta faɗi ba.

Ran 14 ga Satumba, 1822, aka kawo masa zanen da wani magini ya kwafo daga gidan bautar Abu Simbal, can kudu, ginin da ya girmi zuwan Girkawa da kusan shekara dubu. Ga ƙawanya. A ƙarshenta alama biyu iri ɗaya, ƙyalle a ninke, wadda ya riga ya sani S ce. A farkonta da'ira mai ɗigo a tsakiya, kowa ya gani ya san rana ce. Sai Ƙibɗancin nan ya taso masa: rana a wannan harshe ra ce ko re. Ra, sai wani abu, sai S, S. A cikin jerin sarakunan da wani malamin Masar mai suna Maneto ya bari da Girkanci akwai Ramsis. In haka ne, alamar tsakiya, wadda ta yi kama da fatu uku a ɗaure, tana ɗauke da M. Ya ɗauko wata ƙawanya: tsuntsun jinjimi, wanda aka sani alamar gunkinsu Tot ne, sai alamar nan ta tsakiya, sai S. Totmis, shi ma yana cikin jerin Maneto.

Sai ya koma kan Dutsen Rashid. Alamar nan ta fatu uku tana nan, daidai inda Girkanci ke maganar ranar haihuwar sarki. A Ƙibɗanci kuwa haihuwa mise ce. Kun gani? Ramsis na nufin Ra ne ya haife shi. Wannan ba sunan baƙo ba ne, jimla ce ta harshen Masar, an rubuta ta da sauti, kuma harshen da ake addu'a da shi a majami'un Alƙahira ya fassara ta. Iyalinsa sun ce da gudu ya fita zuwa ofishin yayansa, ya zube takardu a tebur, ya ce ya kama ta, ya faɗi sumamme. Ran 27 ga watan ya karanta takardarsa gaban majalisar masana a Faris, Yang na zaune a wurin. A 1824 ya fitar da cikakken bayani.

To, mene ne sirrin da ya gagari duniya? Bari in yi shi da Hausa. A ce ba mu da baƙaƙe, zane kawai muka iya. Ina so in rubuta wuya, na jiki, sai in zana wuya. To in ina so in ce aikin nan da wuya fa? Wahala ba ta zanuwa. Sai in sake zana wuyan, in bar mai karatu ya bi sauti. Haka zan zana kai don in ce kai, yaro. Don kada a rikice, sai in ƙara wata 'yar alama a ƙarshe wadda ba a furtawa, aikinta kawai ta nuna wace wuyar nake nufi. Haka rubutun Masar yake. Zanen gida ana karanta shi per, gida ke nan. In aka sa masa ƙafafu biyu a baya ya zama fita, don kalmomin biyu sun yi kama a baki. Ungulun Horafolo ma haka ne: sunan ungulu da kalmar uwa baƙaƙensu ɗaya. Wasu alamomin sauti ɗaya suke ɗauka, su wajen 24 ne, wasu biyu, wasu uku. Alamar nan ta fatu ma daga baya aka gane M da S ce a haɗe, ba M kaɗai ba kamar yadda Shamfoliyon ya zata. Kuma ba sa rubuta wasali, kamar Larabcin jarida. Duk wannan a cakuɗe cikin layi ɗaya, wani lokaci cikin kalma ɗaya.

Har yau Ingilishi na cewa an danne haƙƙin Yang, Faransawa na cewa ba abin da ya tsinana. Ni a ganina Shamfoliyon ya yi rowar godiya, don ya ƙaru da Yang fiye da yadda ya yarda. Amma Yang bai iya Ƙibɗanci yadda shi ya iya ba. Ko da ya furta alamomin daidai, sauti zai ji, ba magana ba.

Shamfoliyon ya taka ƙasar Masar sau ɗaya tak, daga 1828 zuwa 1829, yana bin bango yana karantawa. Ya mutu a watan Maris na 1832 yana da shekara 41, yayan nan nasa ne ya buga nahawunsa bayan ransa. Masu shakka ba su ƙare ba sai a 1866, da wani Bajamushe mai suna Lefsiyus ya samu wani dutsen mai rubutu uku a Tanis, cikakke. Aka karanta zanen da hanyar Shamfoliyon, aka duba Girkancin, suka yi daidai.

Abin da aka samu da aka buɗe ƙofar ya fi ƙarfin jawabin yamma ɗaya. Akwai yarjejeniyar sulhu tsakanin Ramsis na biyu da Hittiyawa, akwai littattafan magani da na lissafi. Amma ni abin da ya fi burge ni ƙananan abubuwa ne. Akwai wani ɓallin dutse, rajistar ma'aikatan da ke haƙa kaburburan sarakuna, inda aka rubuta dalilin fashin kowa: wane kunama ta harbe shi, wane ciwon ido, wane yana hidimar gawar mahaifiyarsa. Akwai kuma takardar da ta ba da labarin yadda ma'aikatan nan suka ajiye aiki a zamanin Ramsis na uku don an yi jinkirin ba su hatsin albashi, suka je suka zauna a bayan gidan bauta. Yajin aiki, shekara 3,000 da suka wuce! Na ga ma'aikatan gwamnati da ke nan suna murmushi.

Wani zai tambaya ko muna da dangantaka da su. Masana harsuna sun sa Hausa da harshen Masar na dā da Larabci da harshen Buzaye cikin babban dangi ɗaya. Muna cewa mutu, su baƙaƙen kalmarsu m-w-t ne, Balarabe ya ce mata. Muna cewa huɗu, wasu fuɗu, su f-d-w. Muna cewa gidanka, su ma K suke liƙawa a ƙarshe. Amma don Allah kada wani ya fita nan ya ce malam ya ce mu jikokin Fir'auna ne. Dangantaka ce ta kakan kakan harshe, tun kafin a yi Fir'auna na farko.

Shi kuwa dutsen, Masar na neman abinta. Dakta Zahi Hawas, lokacin yana shugaban hukumar kayan tarihinsu, ya nema a 2003, aka sake tayar da maganar a 2022 da aka cika shekara 200 da karanta rubutun. A gefen dutsen har yanzu akwai rubutun fenti da Ingilishi suka yi, cewa sojojinsu ne suka kamo shi a Masar a 1801. Ni dai na ga mai kaya ya fi kowa hujja, tun da wanda ya ɗauka da kansa ya rubuta yadda aka yi.

Shugaba na duban agogo, saura abu ɗaya. Shekarun baya muna gyaran ɗakin marigayi kakanmu a nan Sabo, wanda fataucin goro ya kawo shi Kurmi, muka samu wata tsohuwar jakar fata cike da takardu na ajami. Yaran gidan, waɗanda ke jin Yarbanci da Turanci kamar ruwa, ba wanda ya iya karanta layi ɗaya. Ni ma da na gwada na cije, don hannun tsofaffi ne, ba wasali sosai. Wani ɗan ɗan'uwana ya ce lalle asiri ne, kada a taɓa, a haƙa rami a binne. Har an fara neman fartanya. Sai na ce a dakata, na kai wa wani tsoho a bakin masallaci, wanda yanzu shi ma ya riga mu gidan gaskiya. Ya sa tabarau, ya duba ta farko, ya yi dariya har da hawaye. Wasiƙa ce kakanmu ya rubuta wa ƙaninsa a Kano, yana gaishe da mahaifiyarsu, yana cewa damina ta yi kyau, sannan a tuna wa wani mutumin Kurmi kuɗin huhu biyu na goro da bai biya ba tun Sallar Layya. Uku ya karanta mana ran nan kafin a kira magariba. Sauran suna nan a jakar.

Na zo da hoton dutsen babba, da zanen sunayen nan biyu, suna kan teburin sakatare. Ɗalibai su zo su nemo mini zakin da kansu.